Ƙanena Tijjani da Ranar da Jirginsu Ya Ƙetare Layi

Da daminar nan ƙanena Tijjani ya cika shekara takwas da rasuwa. Ni ce yayarsa, ni na goya shi bayan rasuwar mahaifiyarmu a Rurum Tsohon Gari, ni kuma aka fara kira ranar da ya faɗi a gona. Na koyar a firamare a Kibiya har na yi ritaya, ban taɓa rubuta wa jarida komai ba. Yanzu ma ba iyawa ce ta sa ni ba. Na ga dai waɗanda suka san ainihin abin da ya same shi suna ta ƙarewa, waɗanda suka rage kuma labarin ƙarya suka riƙe, shi ya sa na ce bari in faɗi nawa tun ina da sauran baki.

Tijjani matuƙin jirgin sama ne. In ka je tashar 'yan acaɓa a Rurum ka ambaci sunansa, waɗanda suka ɗan manyanta a cikinsu za su ce maka, "Au, wanda ya kusa hallaka mutane?" Abin da ya rage masa ke nan a bakin mutanen garinsu.

Mahaifinmu malamin allo ne, manomi kuma, kamar yadda ya tarar da iyayensa. Bai hana Tijjani boko ba, sharaɗi ɗaya ya kafa masa, sai ya sauke Alƙur'ani tukuna. Ya sauke, ya yi firamare da sakandare, Allah ya ba shi kai, har aka ɗauki nauyin karatunsa zuwa makarantar koyon tuƙin jirgi. Ranar da ya fara zuwa gida da farar rigar aiki, zaurenmu bai ɗauki jama'a ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi a waje. Daga Rano aka zo, daga Dawaki aka zo, daga Kibiya aka zo. Mutanen da ban taɓa gani a sunan gidanmu ko a zaman makokinmu ba, ranar suka tuna kakanninmu ɗaya. Wani yana so a sama wa ɗansa aiki, wani yana so a kai tsohuwarsa Makka, sai ka ce jirgin na Tijjani ne. Shi kuwa sai murmushi yake yi, yana ce musu shi ɗin ma mataimaki ne, kujerar dama yake zama, akwai kyaftin a gaba da shi. Ba wanda ya saurari wannan. Kyaftin suka sa masa tun daga ranar.

Ya yi 'yan shekaru yana aiki lafiya. Ya auri Saude, 'yar ƙanwar mahaifinmu, suka sami 'ya mace, Hajara. In ya zo hutu yakan ce mini, "Yaya, ku sama kuke tsoro, ni ƙasa na fi tsoro." Ya bayyana mini cewa filin jirgi ba titi ɗaya ba ne. Akwai babban titin da jirage ke tashi da sauka a kansa da gudu, akwai kuma ƙananan hanyoyi da jirgi ke bi a hankali daga inda ya kwashi fasinja zuwa bakin babban titin. A daidai bakin ana shata layin fenti, a kafa allo mai fitila. Nan ake tsayawa. Ba mai ƙetare layin sai ma'aikacin hasumiya, wanda ke kallon filin daga sama, ya ba shi izini ta rediyo.

Abin da ya faru ranar, sau ɗaya tak ya ba ni labarinsa daga farko har ƙarshe, bayan ya daɗe da dawowa gida. Muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida da hantsi, ban tambaye shi ba, ya ɗauki kara ya fara zana mini hanyoyin a ƙasa.

A wani filin jirgi ne a kudancin ƙasar nan, da rana, ana sheƙa ruwan sama. Jirginsu cike yake da fasinja. An rufe hanyar da suka saba bi don gyara, hasumiya ta ce su zaga ta wata, su tsaya a bakin babban titi domin akwai jirgi da ke saukowa. Tijjani ne ke kan rediyo, ya maimaita umarnin daidai. Kyaftin ne ke tuƙa jirgin a ƙasa. Dattijo ne da ya daɗe a aikin, kuma da safen ranar ya riga ya wanke Tijjani tas a gaban sauran ma'aikata don ya tuna masa wani abu da ya manta. Cewa ya yi, lokacin da shi ya fara tuƙi Tijjani yana rarrafe.

Suna cikin tafiya Tijjani ya duƙa yana duba abubuwan da ake dubawa kafin tashi. Da ya ɗago sai ya ga kamar hanyar ta yi faɗi fiye da yadda ya kamata. Ya nemi layin bai gan shi ba, fentin ya koɗe, ruwa kuma ya kwanta a kai. Ya nemi allon, fitilarsa a mace. Zuciyarsa ta ba shi cewa sun wuce wurin tsayawa. Ya dubi kyaftin, ya ga mutumin yana tuƙi hankali kwance kamar wanda ya san inda za shi, sai ya yi shiru.

"Yaya," ya ce mini, "na buɗe baki na rufe. Na ce a raina ko ni ne ban gane ba, kada in sake jawo wa kaina faɗa."

Shirun bai daɗe ba. Ya waiga dama ya hango fitilun jirgin da ke saukowa sun ɓullo daga cikin ruwa. Ya taka birki da iya ƙarfinsa, ya daka wa kyaftin tsawa ya tsaya. Hancin jirginsu ya riga ya shiga babban titin. Matuƙin ɗaya jirgin ya gan su, ya fasa sauka, ya ƙara wuta ya wuce ta samansu, ƙarar ta girgiza su duka. Wata ma'aikaciyar jirginsu da ke tsaye ta faɗi ta karya hannu. Ba wanda ya mutu. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin labarin da ya iso Rurum daban ne.

Aka kafa kwamitin bincike. Na'urar da ke naɗar maganar matuƙa tana hawa kan tsohuwar magana in tafiya ta yi tsawo, kuma an bar jirgin ya ci gaba da jigilarsa a ranar, don haka kafin a nemi na'urar ba abin da ya rage a cikinta. Sai bakin kyaftin da bakin Tijjani. Kyaftin ya ce shi idonsa na kan tuƙi, duba alamomi aikin mataimaki ne, kuma mataimakin bai ce masa komai ba sai da aka riga aka shiga. Abokan aikin Tijjani suka ja shi gefe suka ba shi shawara ya ce bai lura da komai ba sai da ya ga fitilu, ruwa ne ya hana gani, a rufe magana a haka. Ya ƙi. Ya zauna gaban kwamiti ya ce ya yi zargin sun wuce, ya yi shiru don nauyin kyaftin, wannan kuskurensa ne. Ya ƙara da cewa layin ya koɗe, fitilar allon ba ta aiki.

Da kwamitin ya je duba wurin, sai ya tarar da layi yana ƙyalli da sabon fenti, fitila tana ci. Aka yanke cewa Tijjani ya yi sakaci, ya kuma yi ƙarya don ya kare kansa. Aka tura kyaftin wani ɗan gajeren kwas ya dawo kujerarsa. Aka sallami ƙanena.

Ba a ƙwace masa lasin ba, ba su ma buƙaci yin haka ba. Duk kamfanin da ya je sai a karɓe shi da fara'a, a ce ya dawo, kafin ya dawo labari ya riga shi. Lasin tuƙin jirgi kuwa ba ya jiran mutum, in ba ka tashi ba ka sabuntawa, mutuwa yake yi. Ya yi ta fafutuka har abin ya fi ƙarfinsa, ya kwaso Saude da Hajara suka dawo Rurum.

Ina gidan ranar da ya iso. Ya durƙusa a gaban Baba ya yi masa bayani a taƙaice. Baba ya saurara har ya gama, ya ce, "Abin da ka faɗa musu gaskiya ne?" Ya ce, "Gaskiya ne, Baba." Baba ya ce, "To tashi ka ci abinci." Bai sake tayar masa da zancen ba har ya bar duniya. A duk waɗanda suka cika zauren nan a da, ban ga wanda ya yi masa ko rabin wannan ba.

A gari kuwa labari ya yi ta ƙaruwa. Wasu suka ce barci ya yi a kan tuƙi. Wasu suka ce ya sha wani abu, ai dama masu irin aikin nan ba sa rasawa. Na ji da kunnena a gidan biki a Kibiya wata mata tana rantsuwa cewa jirgi ya kayar, an ɓoye gawarwaki. Ba ta san ni ce yayarsa ba. Da aka taɓa ta, sai ta ce ai ita ma ji ta yi. Waɗanda suka ce kakanninmu ɗaya suka koma gaishe shi daga nesa, in ma sun gaishe shi. In ya hau acaɓa zai je kasuwar Kibiya, sai wani ya ɗaga murya daga tasha, "Kyaftin, a nuna wa direba hanya fa, kada ku shiga inda ba a ce ba!" A kwashe da dariya. Shi ma yakan yi murmushi ya ɗaga musu hannu. Saude ce ta gaya mini in ya dawo irin wannan ranar ba ya iya cin abinci.

Ya kama noma gadan-gadan, a gonar Baba ta hanyar Dawaki. Masara, gyaɗa, da ɗan dawa. Hannunsa da ya yi laushi ya faffashe, ya yi kanta. Bai yi raki ba, bai kuma zauna majalisa yana ba da labarin ƙasashen da ya je ba. Ya taimaki Baba da karantarwa da asuba, ya riƙe gidansa da abin da gona ta bayar. Amma ni da na goya shi na ga yadda yake ƙarewa. Ya rame, ya yi furfura tun bai kai ba, likita ya ce hawan jini ne. In jirgi ya gifta can sama yana cikin magana, ba ya ɗaga kai, sai dai maganar ta tsaya har ƙarar ta wuce.

Ranar da ya faɗi yana maimai ne, da hantsi. Maƙwabcin gonarsa ya gan shi ya zube tsakanin kunya. Ba mota a kusa, aka ɗora shi a babur, mutum ɗaya yana tuƙi ɗaya yana riƙe da shi ta baya, hanya duk taɓo. Kafin su kai asibiti rai ya yi halinsa. Na iso na tarar an rufe shi da zanen Saude, ƙafarsa da sauran lakar gona.

Aka cika gidanmu a karo na biyu. Daga cikin ɗaki ina jin muryoyin maza a zaure suna yabonsa, mutum ne mai haƙuri, mai gaskiya, bai taɓa faɗa da kowa ba. Na gane wasu daga cikin muryoyin. Allah ya sani na karɓi gaisuwar kowa, amma akwai waɗanda na amsa musu da baki kawai.

Yanzu duniya ta canza, ko ta ce ta canza. 'Yata takan nuna mini a waya hotunan jirage da suka kusa haɗuwa a titin jirgi a manyan ƙasashe, inda fitila ba ta mutuwa, fenti ba ya koɗewa. Ashe abin yana faruwa ko'ina, ga ƙwararru ma. Ina jin masana a rediyo suna cewa irin wannan kuskure ba ya zuwa daga mutum ɗaya, sai abubuwa da yawa sun taru. Suna cewa dole ƙaramin matuƙi ya iya tsayar da babba ba tare da tsoro ba, kuma wanda ya faɗi kuskurensa da kansa a saurare shi a gyara, kada a hukunta shi, in ba haka ba kowa zai riƙa ɓoyewa. In na ji wannan nakan kashe rediyon. Abin da ƙanena ya yi ke nan, da bakinsa, ba wanda ya tilasta shi, aka kira shi maƙaryaci.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Na san shi, ba zai yi fushin da nake yi ba. Zai gyara zama ya saurara, ya ce alhamdu lillahi, aƙalla na baya za su huta. Wataƙila ma ya yi musun cewa an zalunce shi gaba ɗaya, domin har ya mutu bai daina cewa shirun nan laifinsa ba ne. Ni ma ban ce ba shi da laifi ba. Abin da nake tambaya shi ne ina na sauran. Ina na wanda ke riƙe da tuƙin? Ina na wanda ya bar fitila a mace, da wanda ya kunna ta a ɓoye bayan an yi ɓarna? Mutane da yawa suka haɗu suka yi kuskuren nan, aka duba aka zaɓi wanda ba shi da kowa, ɗan malamin allo daga Rurum, aka ɗora masa duka.

Bara, bayan sallar layya, wani dattijo ya yi sallama a gidana a Kibiya. Ya ce ya fara zuwa Rurum, aka kwatanta masa nan. Maigidana ya shigo da shi zaure, na zauna daga bakin ƙofa. Ya ce shi ne ma'aikacin da ke hasumiya ranar, muryarsa ce ta ce su tsaya. Ya yi ritaya. Ya ce tun kafin abin ya faru ya sha kai ƙarar layin da fitilar ba a kula ba, kuma da idonsa ya ga masu fenti suna aiki a wurin kafin kwamiti ya iso. An kira shi ofis an ce in aka tambaye shi ya tsaya a kan abin da ya ji a rediyo kawai. Yana da iyali, ya tsaya a kan hakan. Ya kuma gaya mana kyaftin ɗin ya yi ritaya cikin girma, har gayyatarsa ake yi taruka yana yi wa matasan matuƙa nasiha a kan kiyaye haɗari.

Ya ce, "Hajiya, abin nan ya hana ni sukuni. Na zo neman gafara."

Na ce, "Malam, wanda ka yi wa ba ya gidan nan. Yana maƙabartar Rurum."

Ya sunkuyar da kai ya ce ya sani, an gaya masa a can.

Na ce, "In da gaske kake, abin da ka faɗa a zauren nan ka je ka faɗa inda za a ji, da sunanka. Yana da 'ya."

Ya ce in sha Allahu zai yi. Maigidana ya sa aka kawo masa fura, ya sha, ya yi mana sallama. Shekara ta zagayo, ban ji komai ba. Ban yi mamaki ba. Ya sauke abin da ya dame shi a zaurena ya koma gida da sauƙi, ni ya bar ni da ƙarin nauyi. Maigidana yana cewa in yi masa uzuri, ko zuwan ma wani abu ne. Wataƙila haka ne. Ni dai ban kai nan ba tukuna, kuma ba zan rubuta a jarida cewa na kai ba.

In na zauna ina auna abin da ya rage na Tijjani, ba shi da yawa a ido. Gonar tana nan, wani ɗan'uwanmu ke nomawa. Saude ta yi wani auren a Rano, ban ga laifinta ba, ta yi masa zaman da ba kowace mace za ta yi ba. Hajara tana wurina, ta zama budurwa, ta kusa gama sakandare. Ta taso tana jin ana raɗa game da ubanta, ta koyi sunkuyar da kai in an ambace shi. Bayan tafiyar dattijon nan na zaunar da ita na ba ta labarin duka, ban rage laifin ubanta ba, ban kuma ƙara masa wanda ba nasa ba. Ta yi kuka, sannan ta tambaye ni mutum nawa ne a cikin jiragen biyu. Na ce ban sani ba, suna da yawa dai.

Tun daga ranar nake tunaninsu. Mutanen nan sun sauka sun koma gidajensu, wasu ma ƙorafin jinkiri kawai suka yi. Cikinsu akwai waɗanda suka yi aure bayan nan, akwai waɗanda suka haihu, akwai waɗanda suka aurar da 'ya'ya suka ga jikoki. Suna nan warwatse a garuruwan da ban taɓa zuwa ba, ba ko ɗaya a cikinsu da ya san sunan Tijjani. In akwai mai karanta wannan da ya taɓa zama a jirgi ana ruwa, ya ji an taka birki har kansa ya bugi kujerar gaba, ya ji ƙarar wani jirgi ta wuce ta samansa, to ga sunan wanda ya taka birkin na faɗa masa. Ba na neman komai a wurinsa sai ya sa shi a addu'a.

Allah ya yi wa ƙanena rahama, ya haskaka makwancinsa. Sauran kuma, da waɗanda suka yi fentin da waɗanda suka yi dariyar, akwai zaman da za a yi wanda ba a gyara wuri kafin masu bincike su iso. Can na kai ƙarata.